Robert Koch: likitan ƙauye da ya bi sawun cutar saifa har ya kamo ta

'Yan uwa da ke Ikko, Badun, Fatakwal da sauran garuruwan kurmi, na san ba ku manta da abin da ya faru gab da babbar sallar 2023 ba. Gwamnati ta fito ta ce a yi hattara da ganda saboda cutar saifa da ta ɓulla a Gana da Togo da Burkina Faso. A watan Yuli kuma aka tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja, bayan an kai jinin dabbobin cibiyar bincike ta Vom. Mu da gidanmu ke ci daga kara a nan Bauchi mun ji a jikinmu, don kowace tirela da za a loda sai an yi ta da fargaba.

A lokacin ne ƙanwata da ke karatun ƙananan halittu a jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta ce min ai wanda ya fara tabbatar da abin da ke kawo wannan cuta wani Bajamushe ne, kuma yawancin abin da ake koya musu a ɗakin gwaji daga hannunsa ya faro. Shi ya sa na bi tarihinsa.

An haifi Robert Koch ranar 11 ga Disamba 1843 a Clausthal, garin haƙar ma'adinai a Jamus. Shi ne na uku cikin 'ya'ya 13. Ya gama karatun likita a Göttingen a 1866, ya yi aikin jinyar sojoji a yaƙin Jamus da Faransa na 1870, sannan a 1872 aka tura shi likitan gunduma a wani ƙaramin gari mai suna Wollstein, wanda yanzu yake cikin Poland.

Garin na manoma da makiyaya ne, kuma saifa na yi musu ɓarna. Sa yana kiwo lafiya lau da safe, kafin dare ya faɗi, baƙin jini na fita ta hanci da baki. Masu fiɗa da masu jima su ma tana kama su. Kafin Koch wasu sun riga sun ga 'yan sanduna a jinin irin waɗannan dabbobi ta madubin likita, amma ba a warware gardama ba kan ko su ne sanadi. Ga kuma abin da ya ɗaure wa kowa kai: fili ɗaya sai ya yi ta kashe dabbobi shekara bayan shekara.

Koch bai da jami'a, bai da ma'aikata. Wani sashe na gidansa ya mayar wurin gwaji. Yakan tsoma ɗan tsinke a jinin saifar dabbar da ta mutu ya soka wa ɓera, ɓeran ya mutu, ya duba ya tarar da sandunan nan. Wanda ya soka wa jinin lafiyayyar dabba kuwa ko gezau. Bai tsaya nan ba. Ya ɗebi ruwan cikin idon sa, ya raini ƙwayoyin a ciki a kan gilashi, yana kallon su suna tsawo suna hayayyafa. Da abincinsu ya ƙare sai ya ga sun dunƙule sun zama kamar iri mai ƙwanso, wanda rana da bushewa ba sa kashe shi. Irin nan ne ke kwanciya a ƙasa shekara da shekaru, dabba ta haɗiye shi da ciyawa ya farfaɗo a cikinta. A 1876 ya kai aikin wa malami Ferdinand Cohn a Breslau, aka buga shi, duniya ta san sunansa.

A 1880 aka ɗauko shi zuwa Balin. A nan ne ya gyara hanyoyin da ɗalibai ke koya har yau. Shi ya ƙware wajen shafa ƙwayoyin a kan gilashi, a busar, a rina su da launi, a ɗauki hotonsu. Matsalar da ta rage ita ce a cikin ruwa ƙwayoyi kan cakuɗe, ba ka san wa ya yi ɓarna ba. Sai ya koma rainon su a kan abu mai tauri, inda kowace ƙwaya za ta tsaya wuri ɗaya ta tara zuriyarta. Ya fara da yankakken dankali, sannan ya koma wani danƙo irin na romon ƙafar sa idan ya kwana ya daskare. Shi kuma yana narkewa da ɗumi. Matar wani abokin aikinsa, Fanny Hesse, ita ta kawo shawarar aga, wani danƙo daga ciyawar teku da take girki da shi, wanda zafin jiki bai narka shi. Ɗan faifan gilashi mai murfi da ake zuba shi ciki kuwa, mataimakinsa Julius Petri ne ya fito da shi a 1887, sunansa yake amsawa har gobe.

Da waɗannan dabaru ya kamo ƙwayar tarin fuka, ya sanar ranar 24 ga Maris 1882, lokacin da cutar ke kashe mutum ɗaya cikin bakwai a Turai. Shi ya sa ake ranar tarin fuka ta duniya a wannan rana. Daga 1883 zuwa 1884 ya bi kwalara Masar da Indiya, ya nuna alaƙarta da gurɓataccen ruwan sha. Daga aikinsa aka tsara sharuɗɗa huɗu kafin a ɗora wa ƙwaya laifi: a same ta a jikin mai ciwon, a ware ta a raine ta ita kaɗai, a sa wa lafiyayyar dabba ta kamu, a sake ciro ita ɗin dai daga jikinta. Ko a kara haka ne, ba a kama ɓarawon sa da zato, sai an bi sawu.

Shi ma ya yi tuntuɓe, kuma daidai inda ya saki wannan ƙa'ida tasa. A 1890 ya yi gaggawar shelar maganin tarin fuka, marasa lafiya suka yi tururuwa zuwa Balin, maganin bai warkar ba, wasu ma suka mutu. Daga baya ruwan ya yi amfani wajen gwajin cutar a mutane da shanu. A 1901 ya ce tarin fukan shanu ba wani hatsari ba ne ga mutane, bincike ya nuna ya yi kuskure, don haka a tafasa madara kafin a sha. A 1896 ya je Kimberley a Afirka ta Kudu yaƙi da bushiya, annobar da ta share garkunan Afirka har ƙasarmu. A 1906 kuma ya je tsibiran tafkin Biktoriya kan ciwon barci, inda ya gwada wa 'yan Afirka wani magani mai guba da ya makantar da wasunsu. Wannan tabo ne da ba za a rufe ba.

Ya karɓi kyautar Nobel a 1905, ya mutu ranar 27 ga Mayu 1910 yana da shekara 66.

To, 'yan uwa masu harkar dabbobi da mahauta, ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Na san zafin asara, na ga yadda ake rugawa da wuƙa kan sa mai shure-shure don a tsira da uwar kuɗi. Amma idan dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita bai daskarewa, kada a yanka, kada a feɗe, kada a sayar da fatar. Buɗe ta shi ke sa ƙwayar ta zama irin nan da zai zauna a ƙasar kara ko mayanka shekaru. A kira likitan dabbobi, a ƙone ta ko a binne da zurfi, a yi wa sauran rigakafi, ana yin allurar a Vom. Asarar sa ɗaya ta fi sauƙi a kan asarar garke, balle ta rai.

Masu 'ya'ya a makaranta kuma, a ƙarfafa musu gwiwa kan wannan karatu. Allah ya tsare mana dukiya da lafiya, ya kai kowace mota kurmi lafiya.