Walt Disney: Yaron da ya tashi da rabon jarida, ya shigar da mutane cikin zanen katun

Da wuya a yau ka shiga gidan da ke da yara ka tarar ba su san Mickey Mouse ba, ko a talabijin, ko a wayar iyayensu, ko a jikin jakar makaranta. Amma kaɗan ne suka san cewa mutumin da ya fito da wannan ɓera, Walt Disney, da wata dabara daban ya fara cin abinci, wato haɗa mutane na gaske da zanen katun a fim ɗaya. Da ita ya shiga Hollywood ba shi da ko sisi, da ita kuma ya yi fim ɗin Mary Poppins, shekara biyu kafin mutuwarsa.

Tasowarsa

An haifi Walter Elias Disney ranar 5 ga Disamban 1901 a birnin Shikago na Amurka. Mahaifinsa Elias mutum ne mai tsanani, wanda ya taɓa sana'o'i da dama ba su karɓe shi ba. A 1911 suka koma birnin Kansas, inda uban ya shiga harkar rabon jarida. Walt da yayansa Roy su ne 'yan aikin. Tun kafin asuba suke tashi, ko da ƙanƙara na zuba, su bi gida-gida, sannan Walt ya wuce makaranta yana gyangyaɗi a aji. A 1918 ya ƙara wa kansa shekaru a takarda don ƙungiyar Red Cross ta ɗauke shi direban motar ɗaukar marasa lafiya, sai dai ko da ya isa Faransa an riga an tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Yarinya a cikin zane

Da ya dawo gida sai ya rungumi zane, ya buɗe ɗan kamfaninsa mai suna Laugh-O-Gram. A lokacin akwai masu sanya zanen katun yana yawo a cikin duniyar mutane. Shi kuwa sai ya juya abin, ya ɗauko wata yarinya 'yar shekara huɗu, Virginia Davis, ya jefa ta cikin duniyar zane tana wasa da dabbobi. Fim ɗin, Alice's Wonderland, bai ceci kamfanin ba, domin ya durƙushe a 1923. Walt ya tattara komatsansa ya nufi Hollywood da fim ɗin a jaka.

A watan Oktoban wannan shekara wata mai rarraba finafinai a New York, Margaret Winkler, ta ba shi kwangilar ci gaba da labarin Alice. Nan kamfanin Disney ya samo asali. Shi da Roy suka yi gajerun finafinai sama da 50 na Alice zuwa 1927. Daga nan Mickey Mouse ya fito a 1928, sai Snow White a 1937, sunansa ya zagaye duniya.

Ba a rasa abin sukarsa ba fa. A 1941 masu zanensa sun yi yajin aiki kan albashi, abin da ya ɓata tsakaninsa da da yawa daga cikinsu. Haka kuma Song of the South na 1946, shi ma mai haɗa mutane da zane, ya sha suka kan yadda ya ƙawata rayuwar baƙar fata a gonakin kudancin Amurka, har yau kamfanin bai sanya shi a dandalinsa na Disney+ ba.

Shekara ashirin yana lallashi

Littafin Mary Poppins ya fito ne a 1934, wata 'yar asalin Ostiraliya mazauniyar Ingila, P. L. Travers, ita ta rubuta shi. 'Ya'yan Walt mata suna son littafin ƙwarai, shi ya sa ya yi musu alkawarin mayar da shi fim. To amma Travers ta ƙi. Tsoronta shi ne kada a mayar mata da labari wasan yara da waƙe-waƙe, kuma ba ta ƙaunar katun ko kaɗan. Kusan shekara 20 ana kai ruwa rana, sai a 1961 ta amince, bisa sharaɗin za a riƙa jin ta bakinta kan rubutun fim ɗin.

An fara nuna shi ranar 27 ga Agustan 1964. Labari ne na wata mai raino da ta sauko daga sama riƙe da lema, ta shiga gidan wani ma'aikacin banki a Landan ta 1910, Mista Banks, wanda aiki ya ɗauke masa hankali daga 'ya'yansa biyu. Wurin da ya fi tsayawa a ran masu kallo shi ne inda Mary da abokinta Bert da yaran suka yi tsalle cikin wani hoto da aka zana da alli a bakin titi, sai ga Dick Van Dyke, wanda ya fito a Bert, yana tiƙar rawa da tsuntsayen fengwin na zane.

Babu kwamfuta a wannan aiki. Ana tsayar da 'yan wasa ne a gaban farin allo da aka haska da wata fitila mai launin ɗorawa. A cikin kyamarar akwai gilashin da ke raba haske gida biyu, ɗaya ya ɗauki 'yan wasan da launinsu, ɗayan ya ɗauki siffarsu kawai. Da wannan siffa ake ware su daga allon, a ɗora su a kan zanen da aka yi da hannu, hoto bayan hoto. Tsabtar aikin ta kai har siririn mayafin hular Mary bai ɓace ba. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni 13, ya ci biyar, ciki har da ta Julie Andrews a fitowarta ta farko a babban fim. Travers dai ba ta huce ba. Ta nemi a cire wurin katun ɗin, Walt ya ƙi, kuma har ta mutu a 1996 ba a yi kashi na biyu ba.

Me ya sa bai tsufa ba?

Ai dabarar haɗa hoto an wuce ta tuni. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne uban. Yaro yana kallon rawa da tsafe-tsafen Mary, babba kuwa yana kallon Mista Banks, wanda sai da aka kore shi daga banki sannan ya gane cewa ciyarwa kaɗai ba ita ce tarbiyya ba. Duk magidancin da ke fita kasuwa yara na barci, ya dawo sun kwanta, ya san wannan ciwo. Su ma masu labarin sun san shi. Walt ya tashi a hannun uba mai tsanani, Travers kuma mahaifinta ma'aikacin banki ne da ya mutu tana 'yar shekara bakwai. Waƙar da Walt ya fi so a fim ɗin ma ba ta rawa ba ce, ta wata tsohuwa ce da ke sayar da abincin tsuntsaye a ƙofar coci, mai nuna cewa alheri ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Yakan sa mawaƙin, Richard Sherman, ya kaɗa masa ita a ofis da yammacin Juma'a.

Mutuwarsa

Walt ya daɗe yana shan taba sosai. Ciwon dajin huhu ya kama shi, ya mutu ranar 15 ga Disamban 1966 a Burbank da ke Kalifoniya, yana da shekara 65, bayan ya ci Oscar 22 a takara, adadin da har yau babu wanda ya kamo. A 2013 Amurka ta sanya Mary Poppins cikin rumbun finafinan da take adanawa don tarihi. A 2018 kuma aka fitar da kashi na biyu, inda masu zane suka koma aikin hannu don ya yi kama da na farko, Dick Van Dyke kuma ya sake fitowa yana rawa, ya haura shekara 90.