Bala Miller: Bahaushen da ya koyi kiɗa a Legas ya koma da shi Arewa

Na fara jin muryar Bala Miller ne a gaban tirela, muna bin shanu daga kasuwar Ngurore zuwa Agege. Ina ɗan shekara goma sha uku, Baba ya ɗauke ni daga Malkohi don in ga hanya. Direban yana da wani tsohon kaset da ya sha rana, ya yi ta maimaita waƙar Ikon Allah har muka wuce Lokoja. Hausa ce tsantsa, amma ba kalangu ba kuntigi, sai jita da kakakin Bature. Na zaci wani Bayarabe ne da ya iya Hausa. Baba ya yi dariya ya gyara mini.

An haifi Bala Miller a shekarar 1928 a Pankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa limamin coci ne, mutumin Zariya, yana cikin Hausawan farko da suka shiga addinin Kirista a zamanin mishan. Aikin coci ya kai iyalin Lokoja, a nan yaron ya saba da kayan busa na Turawa. Daga baya aka tura shi makarantar CMS Grammar School da ke Legas, inda ya shiga cikin 'yan badujalar makaranta.

Wannan zaman nasa na Legas shi ya fi jan hankalina, don ya shafe mu. A shekarun 1950 kiɗan hailaif ne ke tashe a Ikko, su Bobby Benson da Victor Olaiya ke riƙe da gari. Bala yana aikin kamfani da rana, da dare yana cikin makaɗa. Bai ɓoye yarensa don a karɓe shi ba. Waƙar Kusimilaya da ta yi wa Olaiya suna, Bala Miller ne ya tsara ta.  Mu da ke Idi-Araba ko Sabon Ibadan ko Shagamu, da yawanmu in an shiga mota sai mu rage murya kada a ce ga Aboki.

Aiki da kamfanin Nigerian Breweries ya mayar da shi Arewa, ya zauna Kaduna. A can ya riƙa haɗa ƙungiyoyin makaɗa na otal-otal, yana nemo samari yana koya musu. Irinsa ne yau ake kira furodusa: shi ke rubuta waƙa, shi ke raba wa kowane mai busa da mai jita nasa gurbin, sannan ya hau dandali da kansa.

A 1973, lokacin Gwamna Audu Bako, ya taimaka aka kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. A ƙasar da ake ganin kiɗa gadon gida ne, sai ɗan makaɗi ke ɗaukar ganga, ba ƙaramin abu ba ne a buɗe aji a ce kowa ya zo ya koya. Ya kuma yi aiki a shirye-shiryen bikin FESTAC na 1977. A wannan tsakanin ya kafa babbar ƙungiyarsa, Great Pirameeds of Africa. Duk Bakanon da ya ji sunan, dalar gyaɗa zai tuna. Gidan rawa na Costain da ke Kaduna ya zama sansaninsu, kuma a shekarun 1980 tashar NTA ta riƙa nuna shirinsa na Bala Miller Show a faɗin ƙasa. Manyanmu da suka leƙa talabijin ɗin maƙwabta a lokacin sun san shi sarai.

Ya rasu a 2003.

Abin da ke damuna, in an zauna hirar mawaƙan da, za a kira Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, kuma sun cancanta. Da wuya ka ji an kira Bala. A ganina abu biyu ne suka jawo. Bai yi waƙar sarakai da attajirai irin wadda zuriyarsu ke ta sakawa a bukukuwa ba. Na biyu, wasu na jin sunan Miller da zancen coci da gidan rawa sai su cire shi daga layin namu. Ni dai ban yarda ba. Baba mutum ne mai riƙon addini, bai taɓa taka ƙofar kulob ba, amma ya haddace Ikon Allah, don ba abin da ke cikinta sai tuna buwayar Ubangiji.

Samarin da ke haɗa kiɗa da fiyano a situdiyon Kano da Kaduna suna ɗauka da finafinan Hausa aka fara ɗora Hausa kan kayan zamani. Bala ya riga su da shekaru masu yawa. Kwanan baya na tambayi masu tura waƙa a waya su huɗu a bakin kara, ɗaya ne kawai yake da waƙarsa, shi ma ya ajiye ta ne cikin jakar waƙoƙin Gana.