Juan Seguín, Sanatan da Ya Nemi a Buga Doka da Harshen Mutanensa

An haifi Juan Nepomuceno Seguín ranar 27 ga Oktoba 1806 a San Antonio de Béxar, lokacin da Teksas take ƙarƙashin sarkin Sifaniya. Bai kai shekara arba'in ba sai da tutar garinsu ta sake sau uku: daga Sifaniya zuwa Meksiko, daga nan zuwa Jamhuriyar Teksas, sannan Amurka. Harshen gidansu kuwa Sifaniyanci ne, kuma da shi ya yi ta sha'aninsa har ya bar duniya.

Mahaifinsa, Erasmo Seguín, babban mutum ne a garin. Shi ya tarye Stephen Austin a 1821, sa'ad da wannan Ba'amurke ya zo kafa matsugunin baƙi da izinin hukuma, kuma shi ya wakilci Teksas a majalisar da ta tsara kundin tsarin mulkin Meksiko na 1824, wanda ya ba jihohi ikon gudanar da harkokinsu. Masu hali na San Antonio sun yi maraba da baƙin, domin suna ganin auduga da ciniki za su raya yankin da gwamnatin tsakiya ta yi watsi da shi. Baƙin sun zo da bayinsu da Ingilishinsu, kuma cikin shekara goma sha biyar sun ninka ƴan ƙasa masu jin Sifaniyanci sau da dama. Su waɗannan ƴan ƙasa ana kiran su Tejano, wato Tehano a furuci. Sunan ƙasar ma, bisa abin da aka fi yarda da shi, daga harshen ƙabilar Caddo ya fito, daga kalmar da ke nufin aboki.

Da shugaba Santa Anna ya rushe tsarin 1824 ya tattara iko a hannunsa, Juan Seguín, wanda ya riga ya riƙe muƙamin magajin gari, ya tara mahaya ya shiga tawayen 1835. Tsarin tarayya yake karewa. Da yawa daga cikin abokan yaƙinsa kuwa ɓallewa suke so, da tabbatar da bauta, wadda Meksiko ta haramta a 1829. Yana cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a ganuwar Alamo a Fabrairun 1836, sai aka aike shi neman gudummawa, ya ratsa sansanin abokan gaba ya fita. Ganuwar ta faɗi ranar 6 ga Maris bai dawo ba. Ranar 21 ga Afrilu ya jagoranci rundunar Tehano a San Jacinto, inda Sam Houston ya ci Santa Anna da yaƙi. An ba da labarin cewa mutanensa sun maƙala guntun kwali a hulunansu don kada abokan tafiyarsu su harbe su, tun da kamanninsu da harshensu ɗaya ne da na sojan da ake yaƙa.

A 1837 shi ya tattara tokar waɗanda suka mutu a Alamo ya binne, ya yi jawabin makoki da Sifaniyanci. A wannan lokaci ne kuma wani janar na sabuwar jamhuriyar ya ba da umarni a kwashe mutanen San Antonio a rushe garin. Seguín ya kai kuka ga shugaba Houston, aka soke umarnin.

Daga 1837 zuwa 1840 ya zauna a majalisar dattawan jamhuriyar. Ba ya jin Ingilishi sosai, saboda haka ta bakin tafinta yake magana, ta bakinsa kuma yake jin abin da ake muhawara a kai. Duk da haka aka ba shi shugabancin kwamitin harkokin soja. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne dokokin da majalisar take zartarwa. An yi alkawarin fassara su zuwa Sifaniyanci, shekaru suka wuce ba a ga komai ba. A 1840 ya miƙe a zauren ya tuhumi gwamnati a kan wannan jinkiri, yana mai hujja da cewa mutanensa sun zubar da jini don jamhuriyar, ana yi musu hukunci da dokar da ba su taɓa gani da harshensu ba. Maganar ba ta alfarma ba ce. Dokokin nan su ne suke fayyace yadda ake tabbatar da mallakar fili, da wa'adin kai takarda, da yadda kotu take gwanjon gonar mai bashi. Wanda bai san wa'adi ba, gonarsa ta tafi. Fassarar ta fito a birnin Houston a 1841, aikin wani lauya mai suna Stephen Pearl Andrews, wanda aka kora daga Teksas bayan shekara biyu saboda ƙin bauta, daga baya kuma ya ƙago wani harshe na duniya da ya kira Alwato.

Seguín ya sake zama magajin garin San Antonio a 1841, garin ya cika da sababbin zuwa waɗanda ba su san abin da ya yi a San Jacinto ba, ba su kuma damu su sani ba. Yana kare filayen Tehano daga masu mamaya, ya yi maƙiya. Shi ma ba a rasa abin kama shi da shi ba: ya ci bashi ya jinginar da dukiyarsa, ya shiga fataucin ƙetare iyaka ya yi asara, ya kuma taimaki ƴan tawayen arewacin Meksiko. A Maris 1842 Janar Rafael Vásquez ya mamaye garin na ƴan kwanaki, ya bazu cewa Seguín nasu ne. Ko da yake yana cikin waɗanda suka bi sawun Vásquez, zargin ya riga ya kama shi. Aka yi ta barazana ga ransa, ya ajiye muƙami a Afrilu ya tsallaka Meksiko da iyalinsa. Can aka tsare shi, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da aikin soja. A Satumbar shekarar ya dawo garin haihuwarsa cikin rundunar Janar Adrián Woll, abin da ya ba masu zarginsa hujjar da da ba su da ita.

Yana gudun hijira jamhuriyar ta ƙare. Tun 1836 masu zaɓen Teksas suka nemi shiga Amurka, aka ƙi su saboda rigimar bauta da tsoron yaƙi. Zaɓen James Polk a 1844 ya sauya lissafi, aka shiga wa'azin cewa ƙaddara ce ta rubuta wa Amurka miƙewa har tekun yamma. Ranar 29 ga Disamba 1845 Teksas ta zama jiha ta 28. A taron da ya rubuta tsarin mulkin jihar, Tehano ɗaya tak ya zauna, José Antonio Navarro. Yaƙi ya ɓarke a 1846 a kan ƙasar da ke tsakanin kogin Nueces da Rio Grande, Seguín ya yi shi a ɓangaren Meksiko, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848 kuma ta raba Meksiko da kusan rabin ƙasarta.

Bayan yaƙin ya koma Teksas, ya yi kiwo kusa da gonar mahaifinsa, aka zaɓe shi ƙaramin alƙali, a 1869 kuma ya riƙe alƙalancin gundumar Wilson. A 1858 ya fitar da ɗan littafin tarihin rayuwarsa don wanke kansa daga zargin cin amana. Da Sifaniyanci ya rubuta shi, da Ingilishi aka buga, domin masu jin Ingilishi ne suke tuhumarsa.

Ya ƙare kwanakinsa a Nuevo Laredo, a gaɓar Meksiko ta Rio Grande, wurin ɗansa Santiago, ya rasu ranar 27 ga Agusta 1890. An kwaso ƙasusuwansa aka sake binnewa ranar 4 ga Yuli 1976, ranar cikar Amurka shekara 200, a garin da aka sa wa sunansa tun 1839. Seguin ake rubuta sunan garin, ba tare da alamar ƙarfin furuci da ke kan wasalin ƙarshe ba.