Sarkin Katsina Usman Nagogo, Gwanin Ƙwallon Dawaki

Ƙasar Katsina ƙasar dawaki ce tun zamanin da. Yaron da ya tashi a Malumfashi ya saba ganin hawan Galadima ran Salla, na Funtuwa kuwa ya san na Sarkin Maska. Amma akwai wani wasan doki wanda ya bambanta da hawan Salla da sukuwa, ana ce masa folo, watau ƙwallon dawaki. A cikin dukan 'yan Nijeriya ba a yi wanda ya yi suna a wannan wasa kamar Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo ba.

An haifi Usman Nagogo a birnin Katsina cikin 1905. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Dikko, Basullube, wanda ya hau gadon sarautar Katsina cikin 1906. Sarki Dikko mutum ne mai son dawaki ƙwarai, mai son ganin duniya kuma. Cikin 1921 ya tafi Ingila, ya kuma sauke farali a Makka. A cikin shekarun nan ne ya kafa wasan folo a Katsina, ya sa 'ya'yansa su koya. Usman yana cikinsu, yana saurayi. Ya yi karatun Alƙur'ani a gida, sa'an nan ya shiga makarantar boko ta Katsina.

Asalin wasan nan daga ƙasar Farisa yake. Sojan Ingila suka koye shi a Indiya, su ne kuma suka kawo shi Ikko cikin 1904. Ga yadda ake yinsa. Mutum huɗu ke nan gefe, huɗu can, kowa bisa dokinsa. Tsawon filin yadi 300 ne. Kowane ɗan wasa yana riƙe da linzami a hannun hagu, a hannun dama kuwa doguwar sanda mai kan itace, da ita yake bugun ƙwallo yana kan sukuwa. In aka yi minti 7 sai a tsaya, a sake dawaki, don ba dokin da zai iya jure irin wannan gudu da juyi har ƙarshen wasa.

Da farko wasan na Turawa ne, joji-joji da hafsoshin soja. Baƙar fata sai dai ya riƙe musu doki, ko ya tsaya bakin fili yana kallo. Mutane da yawa suna zaton ɗan ƙasa ba zai iya kama ƙafarsu ba. Katsinawa ne suka warware wannan zato. Suka yi ta koyo har suka ƙware, suka riƙa zuwa Kaduna da sauran garuruwa suna karawa da Turawa, suna komowa gida da kofuna. Usman Nagogo shi ne tauraronsu.

Masu folo suna da ma'aunin gwaninta. Sabon shiga yakan fara daga ƙasa da sifiri, iyakar ma'aunin kuwa 10 ne, kuma ko a duniya duka kaɗan ne ke kaiwa can. Yawancin masu wasa har su tsufa ba su wuce 2 ba. Usman Nagogo ya kai 7. Ba a samun wannan daraja don gado ko don dukiya. Ƙwallo bai san ɗan sarki ba, doki ma in an yi masa hawan ganganci kayar da mutum yake yi, ko wane ne.

Wasa bai hana shi aiki ba. Cikin 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan En'e ta Katsina, cikin 1937 kuma aka naɗa shi Magajin Gari. Da Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa cikin 1944, sai aka naɗa Usman Sarkin Katsina. A lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, ya tafi har ƙasar Bama ya gai da sojan Nijeriya da ke can. Ya zauna a Majalisar Sarakuna ta Kaduna, ya kuma daɗe yana shugaban ƙungiyar folo ta Nijeriya duka. Ya yi shekara 37 yana sarauta, ya rasu ran 18 ga Maris, 1981.

Abin da ya shuka bai mutu ba. Ɗansa Muhammadu Kabir, wanda ya gaje shi ya yi sarauta har 2008, ɗan folo ne. Haka kuma ɗansa Hassan Usman Katsina, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. Har yanzu in ana zancen folo a Nijeriya, sai an ambaci Katsina.

Yara, ku lura da abu guda. Kome gwanintar mutum a folo, in ya ce shi kaɗai zai kora ƙwallo daga wannan baki zuwa wancan, ƙwace shi za a yi. Dole ya miƙa wa ɗan'uwansa, wani ya tare masa abokin gaba, wani ya tsare baya. Dole kuma dokin ya ƙoshi da dawa da harawa, ya sami kulawar mai kiwonsa. Kamar gayya ce a gonar auduga: gwanin noma shi ke ja gaba, amma ba shi kaɗai ke gama gonar ba. Usman Nagogo ya fi abokan wasansa gwaninta, duk da haka kofunan da ya ci su huɗu suka ci su. Allah ya jiƙansa, amin.

Tambayoyi

1. Wa ya kafa wasan folo a Katsina?
2. Don me ake sake dawaki a tsakiyar wasa?
3. Wace sarauta Usman Nagogo ya riƙe kafin ya zama Sarki?
4. Ta yaya folo ya yi kama da gayya?