Phineas Gage: Mutumin da ƙarfe ya ratsa ƙwaƙwalwarsa, ya rayu shekara 11

A Hausa, idan mutum na da saurin fushi sai mu ce zuciya gare shi. To amma wai ina ne ainihin mazaunin fushi da haƙuri da kunya a jikin ɗan Adam? Labarin wani ma'aikacin layin dogo a Amurka na cikin abubuwan da suka sa likitoci suka fara nuna goshi.

An haifi Phineas Gage a 1823 a jihar New Hampshire. Yana ɗan shekara 25 ya riga ya zama heluma a aikin shimfiɗa titin jirgin ƙasa, kuma iyayen gidansa sun san shi da natsuwa da iya tafiyar da mutane. Aikinsu fasa duwatsu ne: a haƙa rami a jikin dutse, a zuba albarushi, a rufe da yashi, sannan a danna da sandar ƙarfe.

Ranar 13 ga Satumba, 1848, kusa da garin Cavendish a jihar Vermont, ƙarfen ya goga dutse, tartsatsi ya tashi, albarushin ya kama. Sandar, mai tsawon fiye da mita ɗaya da nauyin kusan kilo 6, ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta bi ta bayan ido, ta fice ta saman kansa, ta faɗi can nesa.

Ikon Allah, bawan Allahn nan bai mutu ba. Cikin 'yan mintuna ya fara magana, aka ɗora shi a amalanke zuwa masaukinsa yana zaune. Daga baya raunin ya yi ruwa, har dangi suka fidda rai, amma likita John Harlow ya yi ta jinyarsa. Bayan kamar mako goma ya koma gidan iyayensa, idonsa na hagu ya mutu.

Tafiya lafiya, magana lafiya, tunawa ma ba laifi. Halinsa ne ya sauya. A rahoton da Harlow ya fitar a 1868, ya bayyana cewa Gage ya koma mai gajen haƙuri da ashariya, yau ya ƙulla wannan shiri, gobe ya watsar. Kamfanin ya ƙi mayar da shi kan muƙaminsa. Wurin da ƙarfen ya lalata shi ne ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yau aka san yana taimakawa wajen tsara shiri, auna sakamako da taka wa rai birki kafin baki ya furta.

Amma fa a nan ne masu yaɗa labarin a intanet kan zuzuta shi, su mai da shi ɗan iskan gari har ƙarshen rayuwarsa. Binciken masani Malcolm Macmillan ya nuna ba haka ba ne. A 1852 Gage ya tafi ƙasar Chile, ya yi kusan shekara bakwai yana aikin kula da dawakai da tuƙa keken doki na fasinja tsakanin Valparaiso da Santiago. Wannan aiki na son sammako, lissafin kuɗi da iya zama da fasinja. Alamu ke nan cewa ya dawo da kaso mai yawa na natsuwarsa.

Da lafiya ta ƙi, ya koma wajen mahaifiyarsa a San Francisco. Farfaɗiya ta kama shi, ya rasu ranar 21 ga Mayu, 1860, yana da shekara 36. Ƙoƙon kansa da sandar ƙarfen suna ajiye a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Harvard har yau.

Don haka idan wani naka ya bugu a ka, a hatsarin babur ko mota, ka ga halinsa ya canja, kar ka yi saurin cewa iskanci ne. A kai shi asibiti, a yi haƙuri da shi. Kai kuma mai hawa babur, don Allah ka sa hular kwano.