Alfred Nobel Da Rabon Gādon Kamfanoninsa

Galibin masu karatu sun san Kyautar Nobel wadda a ke bayarwa kowace shekara, amma kaɗan ne su ka san irin shari'ar da aka sha kafin kuɗin kyautar ya zauna wuri ɗaya. Wannan shi ne abin da mu ke so mu bayyana yau.

An haifi Alfred Nobel a Istokholm, babban birnin Suwidin, ran 21 ga Oktoba 1833. A 1842 iyalinsu su ka ƙaura zuwa Rasha inda ubansa Immanuel ya ke sana'ar ƙere-ƙere, can ya yi karatu. Ya duƙufa kan wani ruwa mai fashewa wanda ko girgiza ba ya so, har a 1864 ma'aikatarsu ta tashi ta kashe ƙanensa Emil. Bai daina ba, sai da ya gano dabarar cuɗa ruwan da wata irin ƙasa mai tsotsewa, a 1867 ya sami takardar mallakar nakiyar da Turawa ke kira dinamet. Da ita aka riƙa fasa duwatsu domin hanyar jirgin ƙasa da haƙar ma'adinai. Kafin ya rasu yana da irin waɗannan takardu 355, da hannu cikin ma'aikatu wajen 90 a ƙasashe dabam dabam, ban da jarinsa a kamfanin man fetur na 'yan'uwansa a Baku.

Bai yi aure ba, ba shi da ɗa. Ran 27 ga Nuwamba 1895 ya rubuta wasiyyarsa da hannunsa a Faris, bai nemi lauya ba. Ya rasu a San Remo, ƙasar Italiya, ran 10 ga Disamba 1896. Da aka buɗe takardar sai aka tarar ɗan abin da ya yanka wa dangi da barori bai taka kara ya karya ba. Sauran duka, fiye da kurona miliyan 31, ya ce a sayar a zuba kuɗin inda ba hasara, ribar kuma a raba kashi biyar kowace shekara ga waɗanda su ka fi amfanar 'yan Adam, ko daga wace ƙasa su ke. Wanda ya saba da hukuncin alƙali, inda wasiyya ba ta wuce sulusi, zai yi mamaki, amma dokarsu ta yarje wa marar 'ya'ya haka.

Wasiyyai biyu ya naɗa, watau Rudolf Lilljequist da Ragnar Sohlman, mataimakinsa wajen gwaje-gwaje, saurayi mai shekara 26. Dukansu injiniyoyi ne, saboda haka su ka ɗauki lauya Carl Lindhagen. Mu a ganinmu, da akawu ne ya kawo takarda irin wannan, da an mayar masa ya sake. Magajin da aka bar wa dukiyar, watau asusun kyautar, babu shi tukuna. Majalisun da aka ɗora wa zaɓen masu cin kyauta ba a shawarce su ba. Sa'an nan kuma ba a san kotun da za ta tabbatar da wasiyyar ba, domin Nobel ya bar Suwidin tun yana ɗan shekara tara, yana da gida a Faris, da San Remo, da kuma Karlskoga, kusa da ma'aikatar Bofors wadda ya saya a 1894.

Nan ne gizo ke saƙar. In aka ce shi mazaunin Faransa ne, haraji zai ci kashi mai yawa, kotun Faransa kuwa tana iya rushe wasiyyar saboda kurakuranta. Sohlman bai tsaya jira ba. Da taimakon ƙaramin jakadan Suwidin ya riƙa fitar da takardun jari daga bankin Faris kaɗan kaɗan, yana zaune cikin keken doki da libarba a hannu har tashar jirgi, ana aika waɗansu Landan a sayar, waɗansu Istokholm. Kafin dangin da ke ƙara su farga, babu sauran abin kirki da za a tsare a Faransa. Ba mu ce wannan hanya ce ta koyi ba, amma ita ta fid da dukiyar. Daga baya aka yarda kotun Karlskoga ke da shari'ar, cikin hujjojin da aka kawo har da cewa dawakinsa can su ke.

Sauran rigima ta cikin gida ce. Sarki Oscar na Biyu bai ji daɗin a ce kuɗin Suwidin zai tafi hannun baƙi ba. 'Ya'yan wansa Robert su ka kai ƙara. Amma Emanuel, ɗan wansa Ludvig, wanda ke riƙe da kamfanin Baku, ya tsaya kan a cika nufin baffansa, ko da ya ke Sarki da kansa ya nemi ya sake shawara. Shi ma yana da abin tsoro, domin in aka zubar da jarin Alfred a kasuwa gaba ɗaya kamfanin zai girgiza, har ya iya fita daga hannun zuriyar. Sai aka shirya shi da 'yan'uwansa su saye jarin. A 1898 aka yi sulhu da masu ƙara, aka ba su wajen kurona miliyan ɗaya da rabi, su ka janye.

Majalisar Norwe, wadda aka ba zaɓen kyautar zaman lafiya, ta karɓi aikin tun 1897, amma majalisun ilmi na Suwidin sai da aka yi ta lallashi. Ran 29 ga Yuni 1900 Sarki ya sa hannu kan dokokin asusun. Ran 10 ga Disamba 1901, shekara biyar cif da rasuwar Nobel, aka ba da kyauta ta fari, kowane kashi kurona 150,782. Sohlman kuwa ya shugabanci asusun daga 1929 zuwa 1946, shekarar da Gwamnatin Suwidin ta yafe wa asusun haraji, ya rasu a 1948.