Abdu Mumuni, malamin kimiyya

An haifi Abdu Mumuni Joffo a Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929. Ya fara lakwal a Nijar, ya wuce Senegal, daga can ya tafi birnin Pari. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman fizik ta Faransa. Fizik shi ne ilimin motsi, da nauyi, da zafi, da haske.

Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. Lakwal ta zamanin Turawa ba ta gamshe shi ba. Yara suna haddar darasi da Faransanci, su maido shi kamar aku, a ba su maki. Amma hadda daban, ganewa daban. Ga misali. Kowane yaron Filinge ya san guga ba ta da wuyar ja tun tana cikin ruwa, sai ta fito take yin nauyi. Mi ya sa? Ruwa ne ke tura ta sama, yana rage wa mai ja aiki. Yaro na iya rubuta wannan doka daidai a kan allo, a kai shi bakin rijiya cikin Kurfai ya kasa bayyana ta. Idan an tambaye shi da harshen da ya tashi da shi, nan take malam zai gane ko ya fahimta.

A 1964 Abdu Mumuni ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka. A ciki ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. Bayan shekara tara, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram.

Shi kansa bai tsaya ga alli ba. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai. Can suka ƙera tukunyar zafafa ruwa, da murhun rana, da injin da zafin rana ke juyawa. Ya riƙe jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982.

Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.